Faifan Roba da Jiƙaƙƙen Iri

Gonar mahaifinmu tana gindin wani tsauni a ƙasar Garhanga. A karkace take kwance, kanta cikin duwatsu, ƙafafunta cikin yashi. Idan mutum ya tsaya a samanta da hantsi yana hango rumbunan garinmu kamar manyan tuluna da aka jera ana jiran su bushe. Mu biyu muka gaje ta, ni da yayana, amma nawa gadon na baki ne. Na bar gida tun gemu bai fito mini ba, na bi manyan motoci ina gyaran injinsu, Agadas, Sabha, Abijan, Kumasi, daga baya har ƙasar Sin wajen sayen kayan gyara. Shi kuwa damana ba ta taɓa samunsa a wani wuri ba sai a gonar nan.

Da na dawo na zauna a Madawa da furfurata, na tarar kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa. Yana tafiya, yana sunkuyawa, yana jan igiyar jaki, amma sungumi ya fi ƙarfinsa. Mu kuwa da sungumi muke shuka, namiji a gaba yana sara rami kowane taku, na baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƴaƴansa maza uku duk suna wajen nema, biyu a Libiya, ɗaya a Aljeriya. Ranar ruwan fari kuma ba ranar roƙon hannu ba ce. Kowa yana tasa gonar yana tsere da rana, domin danshi kwana biyu yake yi a ƙasarmu, in ya daɗe uku. A damanar da ta gabaci wadda nake ba da labarinta, sai da maƙwabta suka gama nasu suka zo masa. Ƙasa ta riga ta bushe, aka jira ruwa na biyu. Ruwan ya ɗauke da wuri, hatsin ya tsaya da kai babu ƙwaya.

Ƴaƴan suka yi ta kiransa a salula, ya huta, ya ba ɗan baffanmu aron gonar, su za su riƙa aiko da abinci. Ɗan baffan namu mutumin kirki ne, yana da hannuwa da yawa a gida, ƙasa kaɗan. Yayana ya ce musu ya ji. A gabana ya yanke maganar, yana kallon ƙasa.

"Bana in ban shuka ga ruwan fari ba, na ba shi. Ba ni riƙe gona ina kallonta."

Ɗiyata ta fari ce ta ɗauki maganar. Ta yi lakkwal, wato boko, har karatun zanen injuna a Yamai, ta yi shekaru tana aiki a can, sannan ta dawo Madawa da mijinta ta buɗe ɗan shago kusa da masu gyaran injin ban ruwa na ƴan albasa. Ranar da na fara shiga shagon, gaisuwa na je yi, sai ga ni zaune a benci har la'asar.

Na san hanyoyin da ɗan Adam ke bi ya fitar da abu daga tunaninsa zuwa hannunsa. Masassaƙi yana rage itace har turmi ya fito. Maƙeri yana dukan ƙarfe har ya yarda. A Kumasi na zauna da masu zuba narkakken ƙarfe cikin yashi, irin aikin masu tukwanen alminiyom na kasuwarmu. A Sin an shigar da ni wani gida mai tsawon kasuwar Buza, inda inji ke tura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe ya tofo bokiti kowane numfashi. Mai gidan ya ce mini, ta bakin tafinta, mazubin kaɗai sai an yi watanni ana sassaƙa shi, don haka ba ya tada inji saboda abu ɗaya sai saboda dubbai. Na daɗe riƙe da wannan a raina. Na ɗauka kayan zamani na masu yawa ne, wanda ke son guda ɗaya daidai hannunsa ya tafi wajen maƙeri.

Injin da na tarar a shagon ɗiyata bai kai akwatin tufafi ba. Zaren roba ne naɗe kamar a ƙwarƙwaron masaƙa, yana shiga wani ɗan baki mai zafi, bakin yana yawo a kan faranti yana ajiye siririn layi, ya dawo ya ɗora wani a kansa. Ba ya rage komai, ba ya zuba komai. Gini yake. Ina kallo sai na ga maginan rumbu na garinmu: a ɗora zoben laka, a bari ya sha iska, a ɗora wani, har ciki ya buɗe ya sake tsukewa a wuya. Ƙararsa siririya ce, tana hawa tana sauka. Barci ya fara ɗibata a bencin, na ga kamar ina yaro kwance a inuwar rumbun da ba a gama ba, ana miƙa curin laka sama daga hannu zuwa hannu.

Ta ce za ta yi wa baffanta abin shuka wanda jaki zai ja, shi ya riƙe hannuwansa biyu daidai ƙugu yana bi, babu ɗaga kafaɗa. Irinsa akwai a kasuwa, amma na gyaɗa ne da masara, na ƙasashen da ake jera ƙwaya ɗaya-ɗaya. Hatsi kuwa da yatsu uku muke ɗiba mu jefa, taku guda tsakanin rami da rami. Duk dabarar tana cikin wani faifai mai faɗin tafin hannu da ke juyawa a gindin kwanon iri. A bakinsa akwai ƴan ramuka da ke ɗebo iri su kai shi ga bututu ya faɗa ƙasa. Wannan faifan ne babu mai yin sa daidai da hannun yayana, shi za ta gina.

Da rani muka tafi garin ta hanyar Buza don ta yi awo. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida ta ce, "Baffa, ɗebo mini iri kamar za ka jefa rami."

"Rami ina? Ƙyalle ni ka gani."

"Ka ɗauka rami ne."

Ya sa yatsu uku cikin ƙwarya ya ajiye. Ta ce ya ƙara. Sau goma ya yi. Ta bi kowane tsibi da tsinke tana ƙirgawa, sannan ta fiddo wani ma'aunin ƙarfe mai baki biyu ta riƙa matse ƙwaya ɗaya-ɗaya tana rubutawa. Matar yayana, wadda ni da ita ba mu gaisawa sai da tsiya tun ranar da aka kawo ta gidan, ta tsaya a kanmu da muciya a hannu.

"Alhajin bariki, wagga ɗiya taka lahiya take? Hatsi anka aike ta lakkwal ta ƙirga?"

"Matarmu, ke da ba ki san yawan haƙoranki ba, bar masu ilimi su yi aiki."

"Na san yawan naka dai. Ba su kai tsibi guda ba."

Yayana bai yi dariya ba. Yana kallon tsibin nan goma, ya ga kusan duk ɗaya suke, ya juya yatsunsa yana dubawa kamar na wani ne aka ara masa.

Busasshen iri ya ba ta, daga zangarniyoyin da ya keɓe tun kaka ya rataye cikin rumbu. Ta tambaye shi nisan rami, zurfin rami, saurin jakinsa, har tsayin ƙugunsa daga ƙasa ta auna. Ba ta tambaye shi abin da yake yi wa irin kafin ya fita da shi ba. Shi ma bai faɗa ba, ni ma da ke zaune a wurin ban tuna ba.

Wata biyu ta yi a kai. Tana zana faifan a ordinata, wato kwamfuta, ta riƙa juya shi cikin gilashin kamar yana shawagi a ruwa, ta tura wa injin, bayan awa uku ta ɓamɓaro shi daga faranti da ɗuminsa. Na farko ramukansa sun yi zurfi. Na biyu yana fasa ƙwaya. Na uku ya yi kyau, ta manta shi cikin mota da rana, muka dawo muka tarar ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa, sai ta canza zare zuwa wani mai jure zafi. Ban ga ta damu ba ko sau ɗaya. A gidan bokitin nan na Sin kuskure ɗaya a mazubi yana iya raba mutum da aikinsa. Ita kuwa sai ta gyara layi biyu a zane ta sake tada inji, tsohon ta jefa cikin kwali. Ƙarafan jikin kuma zanensu ta aika Yamai ta salula, inda wani inji ke yanka farantin ƙarfe da tsinin haske. Suka iso a motar kasuwa cikin buhu, bakinsu sumul, kowace huda a inda aka ce ta zauna. Mai walda na unguwarmu ya haɗa su, yana ta juya su a hannu yana neman inda zarto ya bi. Muka gwada a tsakar gidana a kan tabarmi, ni ne jakin. Kowane taku tsibi, kowane taku tsibi.

Da gajimare ya fara taruwa ta gabas muka koma garin da abin shukar a bayan mota. Ta ɗauko injin nata ma, da pano biyu na hasken rana da batir, wai ko wani abu zai karye. Yayana ya zagaya injin a zaure, ya saurari bayaninta har ƙarshe, ya ce, "Ashe zanzaro na kinka kawo muna."

Kwana tara muna jira. Kullum hadari ya haɗu da yamma ya yi baƙi a kan tsauni, ya yi ta ƙugi, ya watse. Da rana ni da yayana muna kwance a zaure kan tabarma ɗaya kamar lokacin da muke yara, zafi ya danne gari har kaji sun buɗe baki. Wata rana ya tambaye ni, idonsa a rufe, yadda ake shuka a wuraren da na je. Na ce masa a kudancin Abijan ba a jiran ruwa, ruwa ne ke jiran mutum. Na ce a saharar Libiya na ga gona zagaye kamar faifai, wani dogon bututu mai ƙafafu yana kewaya ta yana yayyafi dare da rana, babu gajimare ko ɗaya a sama. Har na ɗauka ya yi barci. Sai ya ce, "To su mi su ka kallo in sun tashi da sahe?"

Ran na goma bayan la'asar iska ta juyo da ƙanshin ƙasa, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, har ƙoramar da ke tsakaninmu da hanyar Keita ta kawo. Da ya tsagaita yayana ya fita da sanda, ya tona nan ya tona can, ya dawo ya ce ruwan ya kai na shuka.

Ana sallame asuba ya shiga ɗakinsa ya fito da babbar ƙwarya rufe da ƙyalle. Muka tafi gona mu huɗu da jaki. Ya yi bisimilla ya juye iri cikin kwanon abin shukar. Na ga irin ya yi duhu yana ƙyalli, na ji wani ƙanshi kamar na zauren malam, wani abu ya motsa can bayan kaina. Amma ga ƙasa mai laushi a ƙarƙashin ƙafa, ga tsauni ya wanku yana tururi, ga tsuntsaye, sai abin ya koma ya kwanta. Ɗiyata tana wajen jaki tana gyara igiya, ba ta gani ba.

Jaki ya ja. Haƙorin ƙarfe na gaban abin shukar yana tsaga ƙasa, faifai yana ƙas-ƙas, tayar baya tana rufewa tana dannawa. Ɗiyata ta tona wurin farko da na biyu da na biyar, ga iri. Yayana ya miƙe bayansa ya bi, kamar mai tura keke. Ya kai ƙarshen gona ya juyo. Ban taɓa ganin shuka shiru haka ba, babu sara, babu mai cewa a yi sauri. Muka zauna gindin aduwa muna kallonsa yana ƙanƙancewa yana girma, layi bayan layi, har rana ta rabu da kan tsauni hantsi ya yi. Na ƙirga layi ashirin da wani abu.

Matar yayana ce ta tashi. Ta ce shekara arba'in tana jefa iri a gonar nan, yau hannunta ƙaiƙayi yake mata. Ta bi wani layi tana tonawa da babban yatsan ƙafa, ta sunkuya, ta matsa gaba, ta sake sunkuyawa. Sannan ta kira mijinta, ba da ƙarfi ba.

"Malam, tsaya. Babu komi ciki."

Muka bazu muna tono. Rabin layin farko akwai iri. Daga nan har inda jaki ke tsaye, ƙasa ce kawai aka tsaga aka rufe.

Ɗiyata ta kwance kwanon. Ramukan faifan duk sun toshe da baƙin curi, ƙwayoyi sun manne da juna. Ta sa hannu cikin irin ta ɗago, ya liƙe mata a tafi.

"Baffa, ruwa ya shiga irin?"

"Ruwa bai shiga ba. Ni na sa mashi."

"Ka sa masa?"

"Rubutu na. Jiya da ruwa ya tsagaita na wanke allo bisa gare shi." Ya dube ta, ya dube ni, da mamaki na gaske. "To da mi za a shuka shi? Haka nan tsirara?"

A nan abin da ya motsa a kaina ya fito fili. Na ga mahaifinmu tsugune a bakin ɗaki da allo, yana wanke ayoyi cikin ƙwaryar iri yana juyawa da hannu. Na ga kakanmu kuma, wanda bai kama salla ba sai da ya tsufa. Shi da jiƙon sassaƙe yake yi, yana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ba mu gani. Abin da ke cikin ruwan ya canza a hannun mahaifinmu, jiƙawar ba ta canza ba. A gidanmu ba a ɗauke ta wani mataki na aiki da za a lissafa wa mai tambaya ba, kamar yadda ba wanda zai ce maka yana wanke hannu kafin ya ci tuwo. Tawadar allo kuwa da ƙaro ake dama ta. Tsakanin yatsu uku ƙaro ba ya hana komai, mutum yana murzawa ya saki bai ma san ya yi ba. Faifai ba ya murzawa.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban injin da ya gagare ni. Ɗiyata a birni ta tashi, yayana bai taɓa buɗe cikin inji ba. Ni kaɗai na san ƙaro, na san inji, na san gidanmu, kuma ina zaune ranar awo ina musayar tsiya.

"Akwai sauran busasshe a rumbu?" in ji ta.

"Na ci akwai. Na shuka duka ga shi nan."

"To mu shanya wannan a rana, ko awa ɗaya."

"Ya kumbura, ɗiyata. Ya ji ruwa, ya farka. In kinka shanya shi kin kashe rabi. Kuma ko busasshen na nan ba ni sa shi. Ubana bai sa ba."

Ta buɗe baki, na ga maganar lakkwal ta taho, sai ta haɗiye ta. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da farce ta duba cikinta. Ta ce da ni da Faransanci, a hankali, gaskiyarsa ne, jiƙaƙƙen iri ya fi saurin tsira, a littafi ma haka yake. Faifan ne aka yi wa irin da ba shi za a shuka ba.

"Ku yi Hausa," in ji yayana. "Jakin ma na son ji."

Ya saki abin shukar ya je ya zauna a kan jerin duwatsun da aka yi tun zamanin aikin tare ruwa, waɗanda matarsa na cikin masu ɗauko su a ka daga tsauni. Ya dubi rana. Ya ce a aika wa ɗan baffanmu, in ya gama tasa gobe ya zo ya shiga wannan.

"Baffa, ba ni lokaci zuwa azahar."

"Zanzaron naki?"

"Shi."

"Ƙasa ba ta jiran azahar."

"Ta gangare za ta jira. Ta saman ce ban sani ba."

Ɗiyata ta ƙulle ɗan iri a gefen mayafinta ta nufi gari da sauri.

Matar yayana ta je wajen kayan jaki ta zaro sungumi, wanda ta ɓoyo ba ta gaya wa kowa ba. "Na san halin kayan bariki," ta ce, ta miƙo mini. Shekara hamsin rabona da shi. Muka hau saman gona inda ƙasa ke saurin bushewa. Sarana na farko ya tafi gefe, na biyu ya nutse har sai da na fizgo.

"Alhaji, rami anka ce, ba rijiya ba."

"Jefa dai, matarmu. Wanda ya yi zurfi ki bar shi, jikoki su sha ruwa."

Layi huɗu muka yi kafin numfashina ya ƙare. Ta ce in tafi in zauna kafin a ce ita ta kashe ni.

A zaure na tarar da ɗiyata zaune a ƙasa, ordinata a cinya. Ta riga ta auna ƙwayoyin da suka kumbura. Ta nuna mini abin da ta canza. Ta buɗe bakin ramukan ta rage zurfinsu, ta kwantar da gefensu kamar cikin ludayi don kada ƙaro ya sami lungun maƙalewa. Ta kuma zana wani ɗan harshe da zai riƙa shafar faifan yana ture abin da ya manne. Pano biyu suna jingine a bangon waje suna shan ranar da ke shanye mana gona. Injin ya fara.

Na jingina da bango. Ta ƙofar zaure ina hango garin babu kowa, duk ana gona, sai kaji da wata tsohuwar akuya da ke lasar gindin randa. Layi yana hawa kan layi, ba a ganin hawansa sai mutum ya kau da kai ya dawo. Na tuna direbobin da na gani a Sabha kwance ƙarƙashin motocinsu suna jiran wani ɗan ƙarfe ya iso daga bakin teku, sati uku, wata guda, har su san karnukan unguwa ɗaya-ɗaya. Ga shi yau abin da ake jira yana tsirowa a gabana, cikin zauren gidan da aka haife ni, amma awa ukun nan sun fi mini wancan watan tsawo. Inuwar bango ta yi ta janyewa tana shigowa ƙarƙashin ƙofa. Sau ɗaya gajimare ya rufe rana. Ta ɗaga kai ta dubi batir, ni na dubi wajen gona. Ita tana so ya wuce, ni ina so ya tsaya. Muka haɗa ido muka yi murmushi.

Ana kiran azahar ta ɓamɓare faifan da harshensa. Muka tarar da yayana inda muka bar shi, sai dai ya mayar da iri cikin ƙwarya ya jawo ta inuwa, ya jiƙa rigarsa ya rufe ta da ita. Bai aika wa kowa ba. Muka yi salla a gindin aduwa, ta ɗaura faifan, ta ɗaure harshen da kusa biyu.

Wannan karon matar yayana ta ce ba ta yarda da kowa ba. Ta bi bayan mijinta, in ya yi taku goma ta tona ta ce "akwai", ya yi goma ta ce "akwai", har muryarta ta shiga cikin ƙas-ƙas ɗin faifan ta zama kamar wani ɓangare na abin. Sau biyu aka tsaya aka goge faifan da ƙyalle. Wani wurin tsibin ya fi na hannunsa yawa. Amma yana zuba. Muka sake bin layukan safe tun daga farko, jaki ya gaji aka ba shi ruwa, aka ci gaba har rana ta yi ja. Washegari da sassafe aka koma.

Wajen hantsi muka iso jerin duwatsu na biyu, inda gona ke fara hawa tsauni. Yayana ya tsayar da jaki, ya tsuguna, ya tura yatsa har gaɓa ta biyu. Ya ɗebo ƙasar ya murza ya sake ta. Ta zube kamar gari.

"Nan ta ƙare," ya ce.

Kashi biyu cikin uku muka samu, sai karkatattun layukana huɗu can sama su kaɗai.

Da la'asar ɗan baffanmu ya zo gaisuwa. Ya gama tasa, laka ta bushe masa har gwiwa. Bai tambayi komai ba, ba kuma zai tambaya ba. Aka shimfiɗa tabarma aka kawo fura. Suka yi maganar ruwa, da maganar wanda ƙorama ta cinye wa gefen gona. Can sai yayana ya ce, "Daga duwatsu na biyu zuwa bisa, in ruwa ya dawo, ka shiga. Akwai layi huɗu na Alhaji can, kar ka tone mashi su, ya sha wuya."

Ɗan baffan ya yi godiya, ya ɗan jira ko da saura. Yayana ya kurɓi fura ya ajiye ludayi.

"Ta gangare ina ciki."

Bayan ya tafi, ɗiyata tana naɗe wayoyinta, yayana ya kwance faifan da kansa. Ya wanke shi a ƙwarya ya goge da gefen riga, ya ɗaga shi yana bin siraran layukan jikinsa da farce.

"Ɗiyata, gara na cin wanga abu?"

Ta tsaya da waya a hannu. "Ban sani ba, Baffa. Ba wanda ya taɓa tambayata."

"Ɓera fa?"

"Ɓera kam ban yarda da shi ba."

Ya jinjina kai, ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji yana motsa tukwane. Ya fito da wata ƙaramar tukunyar ƙasa, ya zuba toka a gindinta, ya kwantar da faifan, ya ƙara toka, ya rufe da murfi. Sannan ya ce da matarsa ta kwaɓo masa ɗan laka ya liƙe bakin, yadda ake ajiye irin wake zuwa baɗi.